Sarki Ɗaya Cikin Gida

Ya kai mai-karatu, ko ka rigaya ka karɓi baftisma, ko kuwa kana cikin masu-neman sanin hanyar Yesu tukuna, akwai wata tambaya wadda za ta same ka, in ba ta rigaya ta same ka ba. Ba a cikin majami'a ta kan zo ba, sa'ad da a ke raira waƙa, zuciya tana da ƙarfi. Ta kan zo da tsakar dare, jikin yaronka ya yi zafi kamar garwashi, tsohuwarka kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa a kira boka. Ta kan zo da bazara, dangi sun taru a gindin tsamiya da jan zakara, an aiko ka kawo naka rabo. Ta kan zo ranar tafiya mai-nisa, ka sa hannu cikin jaka, ka taɓo tsohon kambun da ubanka ya ba ka. Sai zuciya ta ce maka: Ina laifi in na riƙe wannan kuma? Ai ban rabu da Yesu ba, ƙari na yi. Ba rigakafi ya fi magani ba?

Ba zan raina wannan tambaya ba, gama masu-hankali ma suna yinta, yawancinsu kuwa tsoro ne ya ke tura su, tsoro saboda waɗanda su ke ƙauna. Uban da ya ɗaura wa ɗansa laya a wuya ba mugunta ya nufa ba. Duk da haka amsa ita ce, Yesu Kristi ba ya karɓar wuri a cikin jerin abubuwan tsari. Shi Ubangijin gida duka ne, ba ya kuwa raba gidan da kowa. Ina so ka ga dalili da kanka, kada ka yar da abin nan domin mai-wa'azi ya hana kaɗai. Gama abin da mutum ya bari don kunyar mai-wa'azi, ya kan koma masa ran da mai-wa'azi ya yi tafiya.

Bari mu fara da wani birni inda aka yi wannan shari'a a fili. Sunansa Afisa, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. A zamanin manzanni babban birnin ciniki ne a bakin teku, abin fahariyarsa kuwa haikalin wata allahiya tasu mai-suna Artamis. Marubutan dā sun ce ginshiƙansa 127 ne, kowane tsawonsa wajen ƙafa 60, har aka lissafta shi cikin abubuwan al'ajabi 7 na duniya. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu-nisa domin su yi sujada, attajirai suna kai ajiyar dukiyarsu can, maƙeran azurfa kuma suna ƙera ƙananan siffofin haikalin suna sayarwa. Birnin ya shahara da sihiri kuma. Akwai waɗansu kalmomi na asiri da a kan rubuta, mutum ya ɗaura a jikinsa domin tsari. Ka ga dai ba baƙon abu ba ne a gare mu.

Manzo Bulus ya zauna a Afisa wajen shekara 3, tsakanin shekara ta 52 da ta 55 bayan haihuwar Kristi, labarin kuwa yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19. Akwai waɗansu 'yan'uwa su 7, masu-yawon fitar da aljanu, suka ga irin ikon da ke cikin sunan Yesu, suka ce a ransu, ga sabon asiri mai-ci, bari mu ƙara a kan namu. Ba su tuba ba, ba su ba da gaskiya ba, sunan kaɗai su ke so. Suka kira shi a kan wani mai-aljani, mutumin kuwa ya fāɗa musu, ya fi ƙarfinsu duka, suka fita daga gidan da gudu, tsirara, da raunuka. Labari ya bazu, tsoro ya kama gari.

Abin da ya biyo baya shi na ke so ka riƙe. Mutane da yawa cikin waɗanda suka rigaya suka ba da gaskiya suka fito suna bayyana abubuwan da su ke yi a ɓoye. Ashe har a cikin ikilisiyar da Bulus da kansa ya ke koyarwa akwai masu-ƙarin nan, suna zuwa sujada, asirinsu kuwa yana ajiye a gida. Masu-sihiri suka kwaso littattafansu, suka tara, suka ƙone a gaban jama'a. Da aka yi lissafin kuɗinsu, aka iske azurfa 50,000. Azurfa ɗaya a wannan zamani kusan ladan ƙwadago ne na yini guda; watau in mutum ɗaya ne zai nema, sai ya yi aiki kowace rana har shekara 137. Wani zai ce, da sun sayar sun ba matalauta. Amma wanda ya gane guba ce ke cikin tulunsa ba ya kai ta kasuwa. Suka yarda su yi hasara, suka ƙi miƙa wa maƙwabcinsu sarƙar da aka kwance musu.

Ba a daɗe ba wani maƙerin azurfa mai-suna Dimitiriyas ya tara abokan sana'arsa. Da maganar ciniki ya fara, cewa kasuwa tana mutuwa. Daga baya ya kawo maganar girman allahiya. Haka abin ya ke sau da yawa: in ka tone ƙarƙashin gunki, ka kan iske tukunyar wani. Gari ya ruɗe, aka ruga zuwa babban dandalin wasa, wanda kangonsa ya ke nan har yau, aka yi ta ihu da kirarin Artamis wajen sa'a 2, da yawa cikinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. Magatakardan gari ne ya kwantar da su, ya kuwa shaidi masu-bi, cewa ba su washe haikali ba, ba su zagi allahiyar ba. Ka riƙe wannan shaida, za mu komo gare ta.

Haikalin nan, mayaƙan Gotawa suka washe shi suka sa masa wuta wajen shekara ta 262, daga baya aka kwashe duwatsunsa domin waɗansu gine-gine, laka ta rufe sauran, har wurinsa ya ɓace wa mutane. Sai a 1869 wani Bature daga Ingila mai-suna Wood ya same shi, bayan ya yi shekara 6 yana tono. Yau ginshiƙi ɗaya ne ke tsaye a wurin, wanda aka harhaɗa daga gutsattsari, tsuntsaye irin shamuwa suna sheƙa a bisansa. Amma kada mai-bi ya yi dariya da wannan. Majami'un Afisa ma kango ne yau, a cikin Ru'ya ta Yohanna kuwa an tsauta wa ikilisiyar birnin domin ƙaunarta ta fari ta yi sanyi. Wanda ya ƙone littafin sihiri jiya, zai iya gina wani gunki gobe.

To, me ya sa gumaka su kan zauna da juna lafiya, Kristi kuwa ba ya zama da su? Ka duba yadda abin ya ke a gidajenmu. Kowane tsari da nasa aiki, da iyakarsa. Wannan na ƙarfe ne, wancan na maciji, wani na kambun baka, wani kuma an binne shi a ƙofar gida saboda ɓarayi. Iskar da a ke yanka wa domin gona, ba lalle ita a ke nema domin tafiya ba. Tun da shi ke ba wanda ya iya duka a cikinsu, dole a tara su da yawa, ba kuwa mai-kishin wani, kamar yadda maƙeri ba ya fushi don ka je wurin majemi. Dukansu kuma ciniki a ke yi da su: ka ba da zakara, ka nemi lafiya, ka ba da bunsuru, ka nemi damina, in wannan bai yi ba, ka sake wani. Ashe a cikin wannan sha'ani kai ne mai-gida, su kuwa 'yan ƙwadago ne, ko da shi ke 'yan ƙwadago masu-ban tsoro waɗanda ba su ƙoshi. Ba wanda ya taɓa jin gunki ya tambayi mai-shi ko mudunsa na gaskiya ne, ko yana zaluntar matarsa. Jinin yanka kaɗai ya ke nema, in ya samu ya bar ka da halinka.

Kristi ba ya da iyaka irin wannan. Gona tasa ce, da ruwan sama, da cikin mace, da ƙarfe, da maciji, har da iskokin da ka ke tsoro. Ba ɗaya cikinsu da ya yi kansa, ba kuwa wanda zai motsa sai cikin saninsa. Ba a kuma yin ciniki da shi. Wane zakara za ka ba wanda ya halicci zakara? Shi ne ya ba da jinin kansa a kan giciye ya fanshe ka, ya tashi daga matattu a rana ta uku, mutuwa da kanta ta kāsa riƙe shi. Saboda haka mai-ɓoye kambu yana shaida da hannunsa abin da bakinsa ba zai yarda ya faɗa ba, cewa akwai wani lungu cikin duniya inda hannun Kristi bai kai ba. Kai kana cewa ƙari ka yi, alhali ragi ka yi: ka sauke shi daga gadon sarauta, ka zaunar da shi cikin 'yan ƙwadago.

Masu-bi na fari sun gane wannan sarai, sun kuwa biya da rayukansu. Romawa ba su ƙin sabon allah. In sun ci ƙasa da yaƙi, su kan kwashi allolinta su ƙara a kan nasu. Da masu-bi sun yarda a sa Yesu cikin jeri, da ba wanda ya taɓa su. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Bitiniya mai-suna Filini ya rubuta wa Kaisar Tirajan yadda ya ke gwada waɗanda a ke ƙara cewa Kirista ne: ya kan sa su kira sunayen alloli, su zuba turare da ruwan inabi a gaban siffar Kaisar, su zagi Kristi. Wanda ya yi, a sake shi. Wanda ya ƙi har sau uku, a kashe shi. Ka lura, ɗan turare ne kawai, wanda bai fi abin da yatsu uku za su ɗiba ba. Wajen 155 aka kama Bolikarbus, tsohon shugaban ikilisiyar Samirna, ba nisa da Afisa, aka yi ta lallashinsa ya rantse da Kaisar saboda tsufansa. Ya amsa cewa ya yi shekara 86 yana bauta wa Sarkinsa bai taɓa cutarsa ba, ba zai saɓe shi yanzu ba; aka ƙone shi. A 250 Kaisar Desiyus ya yi doka kowa ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, an kuwa tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar. Da yawa sun fāɗi a wannan lokaci. Waɗansu ba su yi hadayar ba, sai suka sayi takardar a ɓoye, suna cewa zuciyarsu tana wurin Kristi. Ikilisiya kuwa ta lissafta su cikin waɗanda suka fāɗi, sai da suka tuba kāna aka karɓe su.

Kakanninmu suna da kalma domin wannan al'amari, watau caffa. A zamanin yaƙe-yaƙe, in mai-gari ya ga ba shi da ƙarfin tsare kansa, ya kan tafi wurin babban sarki, ya tuɓe takalmi, ya fāɗi, ya ce shi da mutanensa sun shiga ƙarƙashinsa. Daga ranar nan sarki ya ɗauki nauyin tsaronsa, shi kuwa ya ɗauki nauyin biyayya: in an kira shi ya zo, in an hana shi ya hanu. To, in aka ji mai-garin nan yana aika gaisuwa da dare wurin abokin gāban sarki, wai don ko ta-kwana, me za a kira shi? Ba wanda zai ce masa mai-tanadi. Maci-amana za a ce, ko da gaisuwar ba ta wuce ƙwaryar goro ba, gama ba yawan goron a ke dubawa ba, inda aka kai shi a ke dubawa. Baftisma caffa ce. A gaban shaidu ka faɗa cewa ka rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ka zama na Kristi. Sai dai Sarkin nan ya bambanta da sarakunan duniya. Su su kan aika talakawa su mutu domin su tsare gadonsu. Shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ya mutu domin talakawansa. Sarakunan ƙasa ka girmama su, ka biya haraji, ka yi musu addu'a. Sujada da dogarar zuciya kuwa nasa ne shi kaɗai.

Na san abin da za ka ce: Ai na gani da idona, asirin nan yana ci. Bari mu auna wannan magana da hankali. Cututtuka da yawa su kan wuce da kansu bayan 'yan kwanaki. In an yi yanka a tsakani, sai yanka ya karɓi yabo. In kuwa mutum ya mutu, ba a ɗora wa boka. Sai a ce an karya sharaɗi, ko an makara, ko wani ya fi ƙarfi. Mai-sana'ar da riba tasa ce, hasara kuwa taka, ba zai taɓa karyewa ba. Ka tuna da cutar da mu ke kira shan Inna. Kakanninmu sun ga yaro yana gudu yau, gobe ƙafa ta shanye, suka ce Inna ce ta sha, har sunan ya zauna. Dabbobi nawa aka yanka mata, ƙafafu kuwa suna ta shanyewa? Ashe ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, wadda ta kan shiga ta baki daga ƙazantar ruwa da abinci. A 1955 aka fara yi wa yara rigakafinta a Amurka, daga baya aka sami na ɗigawa a baki. Yaron ƙarshe da asalin ƙwayar nan ta kama a Nijeriya, a Borno aka same shi a 2016, a 2020 kuwa aka shaida ta ƙare a Afirka duka, ko da shi ke ba a daina rigakafin ba. Abin da jinin awaki bai yi ba, ɗigo biyu ya yi.

Ban ce maka babu mugayen ruhohi ba. Littafi Mai-Tsarki bai ce haka ba, 'yan'uwan nan 7 na Afisa ma jikinsu ya gaya musu. Amma ko da wani iko ya ba ka abin da ka roƙa, ba kyauta ya ba ka ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka tambayi wanda ya daɗe cikin bori, ko ya taɓa gama biya. Kowace shekara da sabon bashi, kowane ciwon kai da sabon tsoro.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, ba zan kuwa ruɗe ka ba. Kristi bai yi alkawari cewa yaronka ba zai mutu ba. 'Ya'yan masu-bi ma suna mutuwa, gonakinsu ma suna ƙonewa da fari. Wanda ya ce maka in ka bi Yesu ba za ka ƙara ganin wahala ba, sabuwar laya ya ke sayar maka. Abin da ya alkawarta shi ne, ba zai bar ka kai kaɗai ba, ba abin da zai fizge ka daga gare shi, waɗanda suka mutu cikinsa kuma zai tashe su. Ana iya kaiwa daren da za ka yi addu'a har asuba, ka ƙi boka, yaron kuma ya tafi, dangi su nuna ka da baki su ce kai ka kashe shi. A wannan dare ne a kan san ko caffa ka yi, ko ciniki. Ka yi kuka, gama Yesu ma ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Amma ka sani yaron bai fāɗa hannun iska ba, yana hannun wanda ya yi shi.

Kada kuma ka zarce ka ce mai-bi ba ya shan magani. Allah ne ya tsiro da itatuwa, ya ba mutum hankalin sanin amfaninsu, Luka ma wanda ya rubuta labarin Afisa likita ne. In yaro ya yi zazzaɓi, ka yi addu'a, ka ɗauke shi zuwa asibiti tun da wuri. Sauya ko ganye da aka sani yana maganin ciwo, ba laifi cikinsa. Ga yadda za ka rarrabe: in amfanin abu yana cikin abin da kansa, kowa ya sha zai yi masa, magani ne. In kuwa sai an yi yanka, ko an kira sunan iska, ko an binne a mararraba da tsakar dare, ko an ce kada ka waiwaya, ka san an fita daga magani an shiga bauta. Haka kuma bugun ƙasa da duba: gobe tana hannun Sarkinka, kada ka je ka tambayi wani a bayan idonsa.

Ga wani rami kuma, wanda masu-himma su ka fi fāɗawa. Mutum ya ƙone layunsa duka, sa'an nan ya mai da abubuwan Kristi su zama layu. Ya sa Littafi Mai-Tsarki ƙarƙashin matashin kai domin mayu, bai kuwa buɗe shi ya karanta ba. Ya rataya giciye a wuyan jariri da irin tunanin da ya ke rataya laya dā. Ya riƙa maimaita sunan Yesu kamar surkulle, yana ƙirga sau nawa. Wannan zunubin 'yan'uwan nan 7 ne da sabuwar riga. Isra'ilawa sun taɓa ɗaukar akwatin alkawari zuwa bakin dāga, suna tsammani zai ci musu yaƙi ko ba su gyara hanyarsu ba. Aka kashe su da yawa, Filistiyawa suka kwashe akwatin. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa ga umurnin Allah, da jama'a suka soma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, aka kuwa yaba masa. In abin da Allah da kansa ya sa a yi ya iya zama gunki, balle abin da ka saya a kasuwa. Littafin nan an ba ka shi domin ka ji muryar Sarki ka yi biyayya. Wanda ya karɓi wasiƙar sarki ya ɗinke ta cikin fata bai karanta ba, bai girmama sarki ba.

Gumakan da ba su da siffa kuwa sun fi wuyar ƙonewa. Bulus ya kira kwaɗayin dukiya bautar gumaka, bai kuwa yi ƙari ba. Ka tambayi kanka: mene ne abin da in an taɓa shi barci ya kan ƙaurace maka? Mene ne za ka yi ƙarya dominsa? Ga wani kuɗi ne, ga wani sarauta, ga wani yabon mutane, ga wani ƙabilarsa. Mulkin Kristi yana bin ka har rumfar kasuwa, ya duba mudu da sikeli. Yana shiga ɗaki, ya ji yadda ka ke magana da matarka. Yana tambayar bashin da ka ci ka yi shiru, da gabar da ka ke riƙe da ɗan'uwanka tun rabon gādo. Gunki bai taɓa tambayarka waɗannan ba, shi ya sa bautarsa ta fi sauƙi ga jiki.

Saura maganar dangi, inda ƙaya ta fi tsini. Ubanka yana nan da rai, shi ke yanka domin gida, ya kuwa aiko ka kawo naka. Kada ka aika yaro da amsa. Ka tafi da kanka, ka durƙusa, ka gaishe shi yadda ɗa ya kan gai da uba, ka ce: Baba, duk abin da ka sa ni zan yi, noma ko gini ko jinya, amma wannan ɗaya ba zan iya ba, gama na yi alkawari da Ubangiji. Kada ka ɗaga murya, kada ka kira shi jahili, kada ka yi masa ba'a a gaban ƙannenka. Ranar gayya ka riga kowa zuwa gonarsa. In rumbunsa ya yi ƙasa, ka cika daga naka, domin ya gane ba rowar zakara ce ta hana ka ba. Naman da a ke sayarwa a kasuwa, Bulus ya koya wa Korantiyawa su ci ba sai sun bi diddigi ba. Amma zama a wurin yanka da cin abin da aka miƙa, wannan tarayya ce da abin da aka miƙa wa, ka janye daga ciki. Mai yiwuwa a hana ka gona, ko surukai su zo su ɗauke 'yarsu. Ya faru da waɗansu kafin kai. In ya kai ga haka, ka gaya wa dattawan ikilisiya tun da wuri; wajibi ne a kansu su zama maka dangi, da abinci da wurin kwana, ba da ta'aziyyar baki kaɗai ba.

Yanzu ka tuna da shaidar magatakardan Afisa. Masu-bi na can nasu littattafai suka ƙone, ba su taɓa na kowa ba, ba su shiga haikali da gatari ba. Kai ma haka. Jigon tsafin maƙwabcinka ba naka ba ne, kada ka tumɓuke. Tsamiyar gari, kada ka sare. Gunkin da aka fasa wa mutum da ƙarfi ya kan koma ya zauna cikin zuciyarsa, inda gatari ba ya kaiwa.

Abin da ke naka kuwa, kada ka jinkirta. Yakubu, sa'ad da zai koma Betel, ya tara gumakan da mutanen gidansa su ke ɗauke da su, ya binne su a gindin wani itace kusa da Shekem, sa'an nan suka kama hanya. Ka fito da naka duka, na jaka da na ɗamara da na ƙarƙashin gado, har da wanda zuciyarka ta ke cewa wannan kam na tunawa da baba ne kawai. Kada ka sayar, kada ka ba ƙanenka ajiya. Kada kuma ka yi shi kai kaɗai da dare, gama abin da aka yar a ɓoye a kan tsince shi a ɓoye. Ka kira dattawa biyu ko uku da rana tsaka, a yi addu'a, a ƙone. Daren farko wataƙila tsoro zai zo, ka ji kowane motsin ɓera kamar sawun wani. Wannan ba abin kunya ba ne, ka roƙi wani ɗan'uwa ya kwana a zaurenka, ku karanta Zabura tare har barci ya ɗauke ku. Kafin da aka binne a ƙofar gida, in gidan naka ne, ka tone shi. In na ubanka ne, ka bar masa abinsa, ka ci gaba da zuwa gaishe shi safe da yamma, kana ambaton sunansa cikin addu'arka.